Yadda Ake Nemo Ƙwayar Halitta Guda a Cikin Baƙin Bulon Rezin da Hoton Eksire

Duk wanda ya taɓa haɗa samfuri don maikiroskop na ilektiron ya san lokacin da nama ke rikiɗewa. Ka zuba masa osmiyam, wato ƙarfe mai nauyi da ake rina nama da shi, cikin 'yan mintoci ya koma ruwan ƙasa, kafin awa guda ya yi baƙi ƙirin. Daga nan abin da ka gani a maikiroskop na haske ya tafi. Koren ƙyallin da ka yi wa ƙwayar halittarka alama da shi ya mutu, haske kuma ba ya ratsa naman balle ka leƙa ciki. Bayan kwana biyu a obin, abin da ke tafin hannunka ɗan bulon rezin ne, wato roba mai tauri da aka binne naman a ciki, mai baƙin ɗigo a tsakiya. A cikin ɗigon nan akwai ƙwayar halitta guda, faɗinta maikiromita 10 zuwa 20 (maikiromita dubu ne ke yin milimita ɗaya), ita ce kuma dalilin aikin gaba ɗaya.

Tsohuwar hanya ita ce ka ɗaura bulon a altiramaikirotom, wato injin yanka sirara, ka yi ta yanka kana rinawa kana dubawa har ka faɗa kan abin da kake nema. Allura ce cikin ruwa, mai rabo ka ɗauka. Lissafin kaɗai ya isa ya sanyaya maka gwiwa: idan kaurin kowane yanka nanomita 50 ne (nanomita dubu ne ke yin maikiromita ɗaya), maikiromita 100 na nama yanka 2,000 ke nan, milimita ɗaya kuwa yanka 20,000. Wuƙa kuma ba ta da ribas, abin da ta ɗauke ya ɗauku.

Mafita ita ce ka leƙa cikin bulon da eksire kafin ka yanka, ta hanyar maikiro-siti. Maikiro-siti ƙanen injin siti-sikan na asibiti ne. Bambancin shi ne a asibiti injin ke zagaya majiyyaci, a nan kuwa samfurin ke juyawa a tsakanin bututun eksire da allon ɗaukar hoto, ana ɗaukarsa ta kowace kusurwa, sannan kwamfuta ta harhaɗa hotunan su zama siffa mai tsawo da faɗi da zurfi. Jim Elliott da abokin aikinsa Dover ne suka fara buga irin waɗannan hotuna a Landan a 1982, na wani ɗan ƙaramin dodon koɗi. Injinan yau irin su Bruker SkyScan 1272 da Zeiss Xradia Versa suna kaiwa maikiromita ɗaya ko ƙasa da haka a kowane boksel, wato ɗan ɗigon da ake gina siffar da shi.

Abin da nake so ka riƙe tun yanzu shi ne, wannan hoto ba na kallo ba ne, na awo ne. Awo kuma sai da mafari. Abu ɗaya tak ne eksire da wuƙa suke gani tare: fuskar bulon da gefunansa. Wanda ya ɗauki hoto mai kyan gaske na naman amma bai kama fuskar bulon ba, ya san abin da ke ciki, bai san ta inda zai isa gare shi ba.

Abin da ya sa eksire ke gani

Eksire ba ya damuwa da launi, nauyin atom yake bi. Nama yawancinsa kabon ne da naitirojin da iskar oksijin, lambobin atom ɗinsu 6 da 7 da 8, rezin ma kusan haka yake. Saboda haka naman da ba a rina ba, idan yana cikin rezin, da ƙyar eksire ke bambance su. Ƙarafan da muke rina samfuri da su don ilektiron kuwa masu nauyi ne: osmiyam 76, darma 82, yuraniyam 92. Su suke tare eksire. Ashe abin da ya rufe maka ido a maikiroskop na haske shi ne ya buɗe wa eksire nasa. Ba ka buƙatar wani rini na musamman domin maikiro-siti, rinin da ka riga ka yi ya wadatar.

Haɗin da aka fi bi shi ne wanda Thomas Deerinck da abokan aikinsa suka fitar a 2010 daga cibiyar NCMIR ta San Diego a Amurka. A taƙaice: a daskarar da naman, wato a tsayar da shi yadda yake, da gulutaraldehaid kashi 2.5 cikin ɗari haɗe da fomaldehaid, a sa shi a osmiyam kashi 2 da aka gauraya da fotasiyam ferosayanaid kashi 1.5, a wanke, a sa a tayokabohaidirazaid, wanda shi ke zama gada ya kamo ƙarin osmiyam, a sake osmiyam, a kwana a yuranil asitet, a ƙarasa da ruwan darma na Walton a digiri 60. Sai a janye ruwa da etanol ko asiton mataki-mataki, a shayar da shi rezin, Durcupan ko Epon, a gasa a digiri 60 na kwana biyu ko uku. Ba zan tsaya a kan wannan ba, kowane ɗakin bincike da ɗan gyaran da ya yi masa. Abu biyu kawai zan ja kunne a kai. Tururin osmiyam yana daskarar da saman ƙwayar ido kamar yadda yake daskarar da samfuri, don haka ba a buɗe kwalbarsa sai a cikin akwatin zuƙe tururi, da safar hannu da tabarau. Na biyu, osmiyam ba ya gaggawar shiga nama. Idan kaurin yankinka ya doshi milimita ɗaya, ka sa rai tsakiyarsa ba za ta rinu kamar gefe ba.

Wajen zuba rezin, ka bar rezin tsantsa sama da naman, ko da rabin milimita ne. Za ka ga amfaninsa yanzu.

Sassaƙar bulo kafin hoto

A nan gizo ke saƙa, a nan kuma mutane suka fi yin sakaci, don suna ɗokin ganin hoto.

Fara da reza sabuwa. Ka sassaƙe rezin ɗin da ke kewaye har bulon ya zama ɗan ginshiƙi, faɗinsa milimita ɗaya zuwa biyu, ko daidai abin da naman ya ƙyale. Dalilin ba ado ba ne. A yawancin injinan, girman hoton ya dogara ne da kusancin samfuri da bututun eksire, bulo mai ƙiba kuma ba zai matsa kusa ba, zai bugi bututun idan yana juyawa. Ga kuma lissafin allo: idan allon yana da ɗigo 2,000 a faɗinsa kana kuma son maikiromita ɗaya a kowane boksel, abin da zai shiga hoton milimita biyu ne kacal. Duk rezin da ka bari ba dalili, daga ƙarfin ganinka ka cire shi.

Sai ka ɗaura bulon a altiramaikirotom ka goge fuskarsa da wuƙar gilas ko wuƙar daimon ta datsa, a cikin rezin tsantsar nan da ka bari, ba tare da ka taɓa naman ba. Ka ci gaba har fuskar ta yi sumul tana ɗaukar ido kamar madubi. Fuskar da reza ta yanka, ko da ta yi kyau a ido, tana da tudu da kwari na gomman maikiromita, ba a fara awo daga irin wannan wuri. Idan kana da wuƙar datsa mai yankan gefe a tsaye, ka yanke gefuna huɗun da ita su miƙe, domin su ne za su ba ka awon hagu da dama, sama da ƙasa.

Daga nan ka gutsure kusurwa ɗaya. Ɗaya kawai, kuma yankan ya fi tsawo ta gefe ɗaya a kan ɗayan. Bulo mai kusurwa huɗu iri ɗaya yana iya juyewa a hannunka ba ka sani ba. Mafi muni ma, manhajoji sukan juye hoto hagu ya koma dama wajen sauya shi daga wani tsarin fayil zuwa wani, ba kuwa za su sanar da kai ba. Nama ba zai tona wannan ba, domin jijiyar jini a juye ma jijiyar jini ce. Gutsurarriyar kusurwa ce za ta tona. Ni nakan ɗauki hoton fuskar bulon a maikiroskop mai ido biyu, in kuma zana ta da biro a littafin aiki in nuna inda kusurwar take idan bulon yana ɗaure a injin yanka. Zanen minti ɗaya ne, amma shi nake komawa gare shi duk lokacin da na yi kokwanto a gaban allo.

A cikin injin

Ka kafa bulon a kan sanda da ɗan kakin likitan haƙori ko ɗigon gam mai saurin kamawa, a miƙe, daidai tsakiyar inda ake juyawa. Idan injinka zai karɓi bulon a cikin mariƙin da kake yanka da shi, ya fi, don ba ka sauya zamansa ba. Ka bar gam ɗin ya bushe sarai. Ka rufe ƙofar injin, ka kunna bututun, ka ba shi kamar rabin awa zafin ciki ya daidaita. Hoton yana ɗaukar awa ɗaya zuwa awoyi da dama, idan kuwa bulon ya motsa da maikiromita biyu a tsakiyar aiki, duk gefuna za su fito biyu-biyu.

Ƙarfin wuta ya danganta da nauyin rini. Samfurin da ya sha osmiyam sau ɗaya yakan yi kyau a kilobolt 40 zuwa 50. Wanda ya sha cikakken haɗin nan mai darma yakan nemi 60 zuwa 80, da ɗan faifan alminiyam a gaban bututun don tace raunanan eksire. Maimakon haddace lamba, ka duba yawan eksiren da ke ratsa wuri mafi kauri: kashi 20 zuwa 35 cikin ɗari shi ne wurin zama. Ƙasa da haka hoton zai cika da yashi-yashi, sama da haka bambancin haske zai dushe. Yawan hotuna kuwa, dubu ɗaya zuwa dubu biyu a zagaye ya ishi irin wannan aiki.

Ni hoto biyu nake ba da shawara. Na farko mai faɗi, maikiromita biyu zuwa uku a boksel, wanda ya kama bulon duka da fuskarsa da gefunansa da ɗan iskar da ke kewaye. Na biyu matsattse, a kan yankin da kake zato, da mafi ƙanƙantar boksel da injin zai ba ka. Ka yi su a jere ba tare da ka taɓa bulon ba, sai su zauna a kan ma'auni ɗaya. Idan lokaci ya ƙure dole ka zaɓi ɗaya, ɗauki mai faɗin. Na san wannan ya saɓa wa abin da zuciya ke so, kowa yana son hoton da zai nuna a taro. Amma kai ba ƙwayar kake son ka gani a nan ba, maikiroskop na ilektiron zai nuna maka ita fiye da yadda eksire zai taɓa yi. Adireshinta kake nema.

Akwai wani ɗan tarko wajen harhaɗa hotunan, ko a NRecon na Bruker ko a manhajar Zeiss. Ana tambayarka iyakar haske da duhu da za a adana. Idan ka saita shi don naman ya fito raɗau, rezin da iska duk za su zama baƙi ɗaya, fuskar bulon da ka sha wahalar gogewa ta ɓace. Ka sauke iyakar ƙasa har ka ga rezin toka-toka a kan baƙin iska, ka adana a bit 16.

Masu sabon shiga sukan tambaya ko eksiren zai lalata samfurin. Waɗanda suka gwada da injinan ɗakin bincike, suka kwatanta bulon da aka haska da wanda ba a haska ba, ba su ga bambanci a hoton ilektiron ba. Hasken sinkirotiron, wato katafaren injin samar da eksire, irin na cibiyar ESRF da ke Grenoble a Faransa wani zance ne daban, ƙarfinsa ya ninka na ɗakin bincike nesa ba kusa ba, a can sai an kula da yawan haskawa.

Duba lafiyar samfuri kafin neman komai

Kafin ka fara farautar ƙwayarka, ka bi siffar daga sama zuwa ƙasa kana duba abu uku: tsagewa, kumfar iska, da rinin da bai kai tsakiya ba. Tsagewa takan fito kamar siririn baƙin layi, sau da yawa a kan iyakar inda rini ya yi ƙarfi da inda ya yi rauni. Kumfa baƙin rami ce mai santsin gefe. Idan rezin bai shiga wani wuri sosai ba, nan ne wuƙa za ta yage naman.

Rinin da bai kai tsakiya ba yana da ɗan'uwa mai kama da shi. Eksiren bututu gauraye yake, raunana da ƙarfafa, raunanan kuma gefen samfuri ke shanye su, sai hoton ya fito gefe da haske tsakiya da duhu ko da rinin lafiya lau yake. Yadda nake bambance su: na eksire yana dushewa a hankali daga gefe zuwa ciki, yana kuma raguwa idan ka ƙara kaurin faifan alminiyam ka sake ɗauka. Na rini yakan yi iyaka bayyananniya kamar zobe, ba ya kuma gusawa ko me ka saita. Idan abin da kake nema ya faɗa cikin zoben da bai rinu ba, ka ajiye bulon ka ɗauko wani. Da ciwo, amma ya fi ka kwashe mako a kan injin ilektiron ka fito da hoton da ba a ganin fatar ƙwayar halitta a ciki. Ko da wannan tantancewa ce kaɗai maikiro-siti ke yi, a ganina ya biya lokacinsa.

Ɗora hoton haske a kan na eksire

Idan abin da kake nema yana da siffar da eksire ke gani, kamar wata gaɓa ta tsutsa ko tarin ƙwayoyin jijiya, ka tsallake wannan sashe. Idan kuwa da ƙyalli kaɗai ka san shi, sai ka haɗa hotuna biyu da aka ɗauka a yanayi daban, ɗaya naman yana da rai ko yana jiƙe, ɗayan ya bushe yana cikin rezin.

Aikin yana farawa tun kafin osmiyam. A maikiroskop na haske kada ka ɗauki ƙwayar ita kaɗai, ka ɗauki unguwarta: jijiyoyin jini da aka cika da rini mai ƙyalli, cibiyoyin ƙwayoyin da ke maƙwabtaka, gefen naman. Jijiyoyin jini su ne alamomi mafi daɗin aiki, domin idan an wanke jinin dabbar ta hanyar zuciya kafin daskarwa, a eksire sukan fito kamar baƙaƙen bututu a cikin nama mai haske, kuma kowace mararraba da irin reshenta. Wasu sukan ƙona 'yan layuka a naman da lesa ta maikiroskop mai fotan biyu, su zama shinge kewaye da wurin. Da irin wannan dabara Matthia Karreman da Yannick Schwab da abokan aikinsu a EMBL ta Heidelberg a Jamus suka nemo ƙwayoyin kansa ɗaiɗai da suka maƙale a jijiyoyin jinin ƙwaƙwalwar ɓera, aikin da suka buga a 2016.

Manhajar da za ka yi amfani da ita ba ita ce matsala ba. BigWarp da ke cikin manhajar nazarin hotuna ta Fiji kyauta ce, Amira ta kuɗi ce, dukansu suna yi. Kana danna wuri a hoto na ɗaya, ka danna takwaransa a na biyu, har manhajar ta lanƙwasa ɗaya ya hau ɗaya. Abin lura shi ne nama yana motsewa wajen janye ruwa, kuma ba daidai yake motsewa ta kowane gefe ba. Hoton haske ma ya fi rauni ta fuskar zurfi. Saboda haka ka zuba alamomi goma zuwa ashirin kewaye da ƙwayar, wasu samanta wasu ƙasanta, ba duka a shimfiɗe a zurfi ɗaya ba. Alamomin da ke nesa da ita ba sa ƙara maka komai, wani lokacin ma ja suke yi. Sannan ka ware mararraba biyu ko uku da ba ka ba manhajar ba, ka duba inda ta jefa su. Idan ta kuskure su da maikiromita biyar, to ka ɗauka ƙwayarka ma tana iya kasancewa maikiromita biyar daga inda allo ya nuna, ka bar wa wuƙa wannan rata.

Daga allo zuwa bakin wuƙa

Yanzu kana da ɗigo a cikin siffa. Ka auna nisansa daga fuskar bulon a miƙe, ka auna daga gefuna biyu masu haɗuwa a gutsurarriyar kusurwa. Lambobi uku ke nan, ka rubuta su kusa da zanenka.

A ce zurfin maikiromita 340 ne. Kada ka buga 340 a injin ka tafi shan iska. Ga dalili. Idan bakin wuƙa da fuskar bulo sun saɓa da digiri ɗaya rak, a faɗin milimita ɗaya saɓanin ya kai maikiromita 17, kusan girman ƙwayar da kake nema. Don haka daidaita wuƙa da fuska shi ne rabin aikin. Ka matso da wuƙar a hankali har ka ga siririn haske tsakanin bakinta da inuwarta a fuskar bulon. Idan hasken ya fi faɗi a hagu ko dama, juya wuƙar. Idan yana ƙaruwa ko raguwa sa'ad da kake ɗaga bulon sama da ƙasa da hannu, gyara karkatar bulon. Sai hasken ya zama ɗaya ko'ina za ka fara. Yankan farko ya kamata ya ɗauke kusan duk fuskar lokaci ɗaya. Idan gefe ɗaya kawai yake ci, ka tsaya ka sake saiti. Daga wannan taɓawar farko ake fara ƙirga.

Ka kuma san cewa turin injin yana da iyaka. A Leica UC7 kimanin maikiromita 200 ne, daga nan sai ka mayar da shi baya, ka ja wuƙa, ka sake matsowa. Kowace sake matsowa tana cin 'yan maikiromita da ba su shiga lissafi ba. Zafin fitila da na hannunka ma suna sa ƙarfe ya ɗan miƙe.

Shi ya sa ake tafiya zango-zango. Daga 340, ka cire 280 ka tsaya. Ka rage gefunan su matso kusa da inda ƙwayar take, amma ka sake gutsure kusurwa a wuri ɗaya da na da. Ka mayar da bulon cikin maikiro-siti. Wannan sabon hoto yana da sauri, ya kuma fi kaifi, domin bulon ya ƙanƙance. Ka ɗora shi a kan na farko, wanda abu ne mai sauƙi tunda eksire ne da eksire, ka sake aunawa. Lissafi ya ce saura 60, hoton yana iya cewa 52 ko 67. Hoton za ka gaskata. Mutane sukan ji ƙyashin wannan zango don yana cin rabin yini. Ni dai ban ga hikimar tattalin rabin yini a kan samfurin da aka yi watanni ana renon dabbarsa ba.

Wani lokaci ba zurfi kaɗai kake so ba, kana son ka yanki abin ta wata fuska, misali ka gitta jijiya daidai tsakiya alhali a karkace take kwance cikin bulon. Injin yanka yana da wurin gyara uku: juyin wuƙa, karkatar bulo, da juyin bulo a kan kansa. Lissafa yadda ukun za su haɗu su ba ka fuskar da kake so yana da wahala da ka. Don haka ne Kimberly Meechan da abokan aikinta a EMBL suka fitar da Crosshair a 2022, ƙarin manhaja a cikin Fiji. Kana nuna mata fuskar bulon da gefunanta a hoton eksire, ka nuna mata fuskar da kake son yankawa, ta ba ka kusurwoyin da za ka saita da nisan da za ka ci daga taɓawar farko. Ka lura, ita ma daga fuskar bulon take fara lissafi. Idan fuskar ba ta fito a hoton ba, ba abin da za ta iya yi maka.

Maikiromita ashirin na ƙarshe

Idan saura kamar maikiromita 20, ka rage gudu. Ka riƙa ɗaukar yanka mai kaurin nanomita 300 zuwa 500 jefi-jefi, ka ɗora a gilas, ka busar a faranti mai zafi, ka ɗiga masa shuɗin toludin na 'yan daƙiƙoƙi, ka wanke ka duba. A allo kuma ka buɗe yankan eksire da ya yi daidai da wannan zurfi. Tsarin jijiyoyi da cibiyoyin ƙwayoyi a gilas ya kamata ya yi daidai da na allo. Ka matsa sama da ƙasa a allon har ka sami wanda ya fi kama, shi zai faɗa maka ainihin inda wuƙarka take.

Inda za ka tsaya ya danganta da injin da ke jiran samfurin. Mai yanka sirara don TEM, wato maikiroskop ɗin da ilektiron ke ratsa siririn yanka a cikinsa, zai sassaƙa fuskar ta zama ƙarama, gefen sama da na ƙasa a layi ɗaya don yankan su jeru kamar zare, ya fara tarawa maikiromita biyu ko uku kafin ƙwayar. FIB-SEM, maikiroskop na ilektiron mai ɗaukar hoton fuskar bulo, wanda ke aske samfuri da ayon ɗin galiyam nanomita 5 zuwa 10 a kowane zagaye, ba ya iya haƙa mai zurfi, faɗin aikinsa ma gomman maikiromita ne. Shi yana son ƙwayar tana 'yan maikiromita kaɗan ƙarƙashin fuska, yana kuma son ka nuna masa wurin daidai. Ka ɗauki hoton fuskar a injin da ilektiron masu dawowa baya, jijiyoyin da wuƙa ta gitta za su bayyana, ka kwatanta su da yankan eksire na sama, ka sa alama.

SBF-SEM, wato injin da ke yanka fuskar bulo yana ɗaukar hotonta bi da bi, wanda Winfried Denk da Heinz Horstmann suka gabatar a 2004, wuƙarsa tana cikin injin, don haka ya fi haƙuri da zurfi, amma lokaci yake ci. Idan kowane hoto yana ɗaukar minti uku, yanka kuma nanomita 50 ne, rarar maikiromita 10 da ka bari awa goma ce ta aikin banza, sai dai mai injin ya sa a yanke ta ba tare da ɗaukar hoto ba. Ana datse bulon ya koma kamar rabin milimita, a manna shi kan fil ɗin alminiyam da gam mai azurfa don ya janye cajin lantarki. Azurfa tana tare eksire sosai, tana kuma zuba layuka masu haske a cikin hoton. Idan kana son hoton eksire na ƙarshe a kan fil ɗin, ka sa gam ɗin a gindi kawai, ka ɗauki hoton, sannan ka shafa azurfar a gefuna ka yi masa feshin zinariya. Lambobin da ka auna daga wannan hoto, zurfi da nisa daga gutsurarriyar kusurwa, su za ka miƙa wa mai injin tare da bulon.